Jagoran Mai Saita Injin CNC: Daga Zane Zuwa Gudan Farko

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin sassaƙa ƙarfe na hannu, irin waɗanda ake gani a Panteka ta Kaduna da ƙananan wuraren aiki na Kano, ya san yadda maigida ke aiki. Ƙarfe na juyawa, hannunsa na murza inji, idonsa na kan bakin wuƙa, kunnensa na kan ƙarar yanka. Da ya ji sautin ya sauya sai ya ja da baya. A injin CNC kwamfuta ce ke riƙe da wannan hannun. Tana da sauri, ba ta gajiya, tana iya fitar da abu ɗari biyar kamar an tsaga kara. Sai dai ba ta gani, ba ta ji. Idan ka ce mata wuƙa tana nan alhali tana can, za ta kai ta cikin ƙarfe da cikakken gudu ba tare da ta tambaye ka ba.

Wannan giɓin shi mai saiti ke cikewa. A manyan masana'antu mutum uku ne ke raba aikin: mai rubuta furogiram, mai saiti, da afareta da ke sa ƙarfe yana cirewa. A ƙananan wurare sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka. Ko ta yaya aka raba, mai saiti shi ne ke sanar da inji gaskiyar abin da ke cikinsa: ina ƙarfen yake, ina bakin kowace wuƙa yake, da wane ƙarfi aka damƙe aikin. Shi ne kuma ke fitar da gudan farko, ya auna, ya ce a ci gaba.

Domin kada bayani ya tsaya a iska, za mu bi aiki ɗaya daga farko har ƙarshe: shaf ɗin injin niƙa wanda boris mai lamba 6205 zai zauna a kansa, za a kuma fitar da shi daga sandar ƙarfe mai kaurin milimita 40.

San injinka

An fara nuna injin da lambobi ke tuƙawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, lokacin ana ba shi umarni ta dogon tef mai huji-huji. Yau allo ne da maɓallai, kuma ƙwaƙwalwar da za ka fi cin karo da ita ita ce Fanuc ta Japan, sai Siemens ta Jamus, sai Haas ta Amurka. Kowace da ɗan bambancin lafazinta, don haka littafin injin da ke gabanka shi ne alƙali. Lambobin da zan ambata a nan na tsarin Fanuc ne da aka fi sabawa da shi.

Abubuwa huɗu za ka yi ta mu'amala da su. Akwai cok, wato madamƙin da ke riƙe ƙarfe da muƙamuƙai uku yana juyawa da shi. Akwai taret, kan da ke ɗauke da wuƙaƙe takwas ko goma sha biyu, yana juyo da wadda aka kira. Akwai matokari, wanda ke tallafe ƙarshen dogon ƙarfe. Sai allon sarrafawa.

Wuƙa tana tafiya ta fuska biyu. Z ita ce tafiya bisa tsawon ƙarfe, zuwa wajen cok ko nesa da shi. X ita ce shiga da fita, kuma a nan sabbin shiga ke tuntuɓe: lambar X kauri take nufi gaba ɗaya. Idan ka rage X da milimita 1, wuƙa rabin milimita kawai za ta matsa, domin ƙarfen na juyawa, ana cinsa ta kowane gefe. Ka riƙe wannan kamar sunanka.

Tun ran gini, tun ran zane

Kafin ka taɓa sifana, zauna da zanen aikin. Ka nemi abu huɗu: irin ƙarfen, wurin da ake fara awo daga gare shi, awon da ya fi tsanani, da santsin da ake so.

A shaf ɗinmu, inda boris zai zauna an rubuta 25 k6. Ramin boris 6205 milimita 25 ne, kuma k6 a wannan girman na nufin kaurin shaf ya faɗa tsakanin 25.002 da 25.015. Duk filin da aka ba ka maikuron 13 ne, wato kashi 13 cikin dubu na milimita ɗaya. Silin gashin mutum ya ninka wannan sau da dama. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido ba shi da ta cewa. Idan shaf ya yi ƙasa da awo, boris zai riƙa zamewa a kansa har ya cinye wurin. Idan ya yi sama, za a dake shi da ƙarfi, ya matse, ya yi zafi, ya mutu da wuri.

Irin ƙarfen ma sai ka tabbatar. Zane zai iya cewa C45, amma sandar da aka sayo a kasuwa ba takarda tare da ita, wani lokaci ma tsohon gatarin mota ne da ya sha tauri. In kana shakka, gwada yankan ɗan guntu a hankali tukuna, ka kuma gaya wa mai aiki abin da ka gani.

Damƙa

Da yawa daga matsalolin wannan sana'a daga cok suke tasowa. Muƙamuƙai iri biyu ne. Masu tauri suna da haƙora, sun dace da ɗanyen ƙarfe a zagaye na farko. Masu taushi kuwa kai ne za ka rarake su daidai da kaurin abin da za su riƙe, kuma su ake sawa idan an juyo da aiki don yin ɗaya gefen, saboda ba sa barin tabo, suna kuma riƙe aiki a tsakiya. Lokacin rarake su, ka sa su damƙi wani zobe ko guntun ƙarfe da irin matsin da za ka yi aiki da shi. Idan ka rarake su a sake, da sun damƙi aiki za su karkace.

Ka goge muƙamuƙai da mazauninsu tas. Ɓawon ƙarfe guda ɗaya da ya maƙale a ƙarƙashi ya isa ya sa aiki ya riƙa rawa. Bayan ka damƙe, ɗora agogon awo a kan sandar, ka juya cok da hannu, ka ga iyakar kaɗawar allura.

Matsin cok yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Ya yi yawa, bututu mai siririn jiki zai lotse, ka yanka shi da'ira a cikin inji, ka sake shi ya koma mai kusurwa uku. Ya yi kaɗan, aiki ya suɓuce. Ka tuna kuma cewa gwargwadon saurin juyawa, gwargwadon yadda muƙamuƙai ke neman buɗewa, riƙonsu na raguwa.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan abin da ya fito daga cok ya wuce ninki uku na kaurinsa, a tokare shi. Sandarmu mai kaurin 40, da ta wuce milimita 120 a waje sai a huda ɗan rami a tsakiyar fuskarta, a kawo matokari ya shiga.

Wuƙaƙe da haƙoransu

Wuƙar zamani mariƙi ce da ɗan haƙorin kabaid da ake ɗaurawa a bakinta. Idan ya dakushe sai a juya wani gefen ko a sauya. Rubutun da ke kan kwalinsa yana da ma'ana. Ɗauki CNMG 120408: harafin C na nufin kusurwar bakinsa digiri 80 ce, mai ƙarfi, ta dace da cin ƙarfe da yawa. Lambobi biyun ƙarshe, 08, na nufin lanƙwasar tsininsa milimita 0.8 ce. Don sharar ƙarshe za ka iya ɗaukar DNMG mai digiri 55 da tsinin 0.4, wanda ya fi shiga lungu. Launin da ke jikin kwali ma jagora ne: shuɗi na ƙarfe na yau da kullum, rawaya na ƙarfen da ba ya tsatsa, ja na ƙarfen zubi, kore na alminiyam da danginsa.

Ka ware wuƙar sharar ƙarshe, kada ta yi aikin ƙarfi. Kafin ka ɗora haƙori, hure mazauninsa, ka duba farantin da ke ƙarƙashinsa bai tsage ba. Wuƙar rarake ciki kada ta leƙo fiye da buƙata: sandar ƙarfe da ta wuce ninki huɗu na kaurinta za ta fara karkarwa, ta bar zane-zane a jikin aiki. Ka kuma lura da maƙwabta. Dogon abin huji da ke kusa da wuƙar da ke aiki zai iya dukan cok alhali ba shi aka kira ba. Juya taret a nesa, ka kalli kowace wuƙa da idonka.

Sanar da inji inda komai yake

Wannan ita ce zuciyar saiti. Inji na buƙatar sanin sifilin aiki, da kuma tsawon kowace wuƙa.

Sifilin X yana tsakiyar juyawa koyaushe. Sifilin Z yawanci a fuskar aiki ake sa shi, a ajiye shi a gurbin G54 na ƙwaƙwalwar inji. Ka kira wuƙa ta farko, ka share fuskar sandar kaɗan, ka janye ta ta X ba tare da ka motsa Z ba, ka shaida wa inji cewa nan ne Z0.

Don X, ka yanki ɗan wuri a jikin sandar, tsawon da maikuromita zai iya kamawa. Ka janye ta Z kawai, kada ka taɓa X. Tsayar da juyawa, auna, ka shigar da abin da ka samu, misali 39.46. Haka za ka bi sauran wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Injin da ke da hannun awo na kansa ya sauƙaƙa wannan, amma yankan gwaji shi ke tabbatarwa.

Shafin ofset, inda ake ajiye awon wuƙaƙe, kashi biyu ne. Ɗaya na ainihin tsawon wuƙa, wanda ake cikawa lokacin saiti. Ɗaya na ƙananan gyare-gyare yayin da haƙori ke cinyewa. Kada ka cakuɗa su. A shafin farko za ka kuma rubuta lanƙwasar tsini da lambar fuskar da tsinin ke kallo, yawanci 3 ga wuƙar waje, 2 ga ta rarake ciki. Idan waɗannan ba daidai suke ba, miƙaƙƙen wuri zai fito lafiya, amma gangare da lanƙwasa za su kauce ko da an kira G41 ko G42, umarnin da ke lissafa lanƙwasar tsini.

A furogiram, T0101 na nufin wuƙa ta ɗaya da ofset na ɗaya. Ka bi jerin, ka tabbatar lambar da furogiram ke kira ita ce wuƙar da ke zaune a wannan gurbin. Na taɓa ganin an musanya gurbin wuƙaƙe biyu a wani wurin da na yi aiki, aka manta ba a gyara furogiram ba. Abin huji ya tafi yin aikin wuƙar share fuska. Allah ya kiyaye ƙofa na rufe, ba wanda ya ji rauni, amma taret ya goce, inji ya yi kwanaki a tsaye, aikin mutane na jira. Dubawar minti biyu ce aka tsallake.

Gudu da ci

Ko ba kai ka rubuta furogiram ba, dole ka iya karanta shi ka gane in lambobin sun yi hankali. Saurin yanka ana lissafa shi da mita a minti, wato tsawon ƙarfen da ke wucewa ta bakin wuƙa. Ga C45 da haƙorin kabaid, mita 200 a minti wurin farawa ne mai kyau, kwalin haƙorin kuma zai ba ka iyakokinsa. Don samun juyi a minti, ka ninka saurin da 1000, ka raba da kauri sau 3.14. A kaurin 40 za ka samu kusan juyi 1,590. A kaurin 25, kusan 2,550.

G96 na sa inji ya riƙa wannan lissafin da kansa, yana ƙara gudu yayin da kauri ke raguwa. Hatsarinsa shi ne, idan wuƙa ta doshi tsakiya wajen share fuska, inji zai nemi ya ƙure gudunsa. Shi ya sa layin G50, mai ƙayyade iyakar juyi, dole ya zo kafin G96. In ba ka gan shi ba, kada ka kunna.

Daga 40 zuwa 25 milimita 7.5 ne za a cire a kowane gefe. G71 zai cinye shi hawa-hawa, misali milimita 2 a kowane wucewa da ci 0.25 a kowane juyi, ya bar kamar 0.4 a gefe. G70 ya zo ya share da ci 0.1. Idan ka ninka ci sau biyu, kaushin jiki sau huɗu yake ƙaruwa, don haka kada a yi gaggawa a sharar ƙarshe.

Ɓawon da ke fita yana ba ka labari. Gajeru masu lanƙwasa su ake so. Dogo mai kama da igiya na nufin ci ya yi kaɗan ko haƙorin bai dace ba, kuma zai nannaɗe aiki. Ƙara mai tsini kamar kuka alamar karkarwa ce: duba damƙa, duba tsawon wuƙa, rage gudu.

Gudan farko

Nan ne ake sanin mai saiti. Bari inji ya yi ɗumi na minti goma zuwa sha biyar idan da safe ne. Duba zanen tafiyar wuƙa a allo idan injin na da shi. Sannan ka ƙara 0.3 a ofset ɗin gyara na X na wuƙar sharar ƙarshe, domin aikin ya fito da ɗan kauri. Ƙarfen da ya rage ana iya cire shi, wanda aka cire kuwa ya tafi.

Kunna tafiya layi-layi, yadda inji zai tsaya bayan kowane umarni. Rage gudun tafiyar banza zuwa kashi 25 cikin ɗari ko ƙasa. Yatsa ɗaya a kan maɓallin tsayarwa, ido a kan wurin da allo ke nuna sauran tafiyar da ta rage. Duk lokacin da sabuwar wuƙa ta doshi aiki, tsayar da ita tana saura kaɗan, ka kwatanta: allo ya ce saura milimita 50, idonka ya ga saura 10? To akwai ƙarya a wani wuri, kuma ka kama ta kafin ta yi ɓarna. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an gama, kada ka cire aikin daga cok. Goge shi, ka bar shi ya huce. Ƙarfe na kumbura da zafi: shaf mai kaurin 25 da ya fi maikuromita zafi da digiri 20 zai nuna ƙarin kusan maikuron 6, kusan rabin filin da aka ba ka. Ma'aunin duniya a digiri 20 aka tsayar da shi, mu kuwa a watan Afrilu muna aiki cikin zafin da ya kai 40. Abin da za ka iya yi shi ne ka bar aiki da ma'auni su daidaita da zafin ɗaki, ka gwada maikuromita da sandar gwajinsa, kada kuma ka daɗe kana riƙe da shi a tafin hannu. Ma'aunin baniya bai isa wannan awon ba.

A ce ka samu 25.310. Ina za ka nufa? Tsakiyar fili wajen 25.008 ne, amma da yake haƙori na cinyewa kaurin waje ƙaruwa yake yi, gara ka nufi 25.006 don ka bar wa kanka wuri. Ka rage 0.304 daga ofset, ka karanta lambar da alamarta sau biyu kafin ka danna, ka maimaita sharar. Auna a wuri uku bisa tsawon mazaunin boris, ka kuma juya ka auna ta wata fuskar, don ka gane ko ya yi tsini ko ya yi ƙwai. Guda na biyu ma ka auna shi sosai, domin shi a wuce ɗaya za a share shi, nauyin da ke kan wuƙa ya bambanta, awo na iya motsawa kaɗan.

Miƙa wa afareta

Saiti bai ƙare ba sai wani ya iya ci gaba da shi ba ka nan. Rubuta takardar saiti: lambar furogiram, wuƙar da ke kowane gurbi da irin haƙorinta, muƙamuƙan da aka sa, matsin cok, tsawon da sanda ta fito. Ranar da aikin ya dawo bayan wata shida, wannan takardar za ta mayar da saitin awa uku ya koma na minti arba'in ko ƙasa.

Ka nuna wa afareta awon da zai riƙa dubawa da kuma sau nawa, da iyakar gyaran da aka yarda ya yi da kansa. Ka gaya masa, in ya sauya haƙori ya ɗaga ofset ya sake gwadawa kamar gudan farko. Ka kuma sake masa fuska yadda zai iya zuwa ya ce maka, "Maigida, ƙarar nan ta canza." Yaron da ke tsoron faɗa maka zai ɓoye guda ashirin da suka lalace a ƙasan kwando.

Lafiyarka da lafiyar inji

Kada ka kashe makullin ƙofa don ka riƙa leƙe. Kada ka kusanci abu mai juyawa da safar hannu, ko riga mai faɗin hannu, ko zobe, ko carbi a wuya. Ɓawon ƙarfe da ƙugiya ake jansa, bayan inji ya tsaya, domin yana yanka kamar reza. Tabarau na kariya da takalmi mai rufi wajibi ne.

Ruwan sanyaya a haɗa shi bisa ƙa'idar mai shi, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mai, kuma man ake zubawa cikin ruwa. In ya fara wari ya lalace, yana kuma ɓata fata. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar akwatin lantarki, sai a riƙa share ta a kai a kai. Wutar da ke rawa na kashe allunan da ke da tsada da wahalar samu, don haka na'urar daidaita wuta ba ado ba ce. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, janye wuƙa da hannu a hankali, mayar da inji gidansa na sifili idan irin mai buƙatar haka ne, duba haƙori, sannan ka fara daga farkon aikin wannan wuƙar.

Hanyar shiga sana'ar

Wanda ya fara da injin hannu yana da riba babba, domin ya riga ya san yadda ƙarfe ke amsa wuƙa. A kan wannan sai ya ɗora karatun zane, lissafin kusurwa, da Turancin da zai karanta saƙon gargaɗi a allo. Kwalejojin kimiyya da fasaha na koyar da aikin injiniyan inji, hukumar ITF da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos ita ma aikinta horar da ma'aikatan masana'antu ne. Akwai kuma manhajojin kwaikwayo da za ka gwada furogiram a kwamfuta ba tare da ka fasa komai ba. Yawancin masu saiti a matsayin afareta suka fara, suna kallo, suna tambaya, har ranar da aka ce su gwada. Mata ma na yin wannan aiki, domin natsuwa da lissafi yake nema fiye da ƙwanji.

Ka sami littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya ba ka wahala da yadda ka warware shi: wane haƙori ya daɗe a wane ƙarfe, wane gudu ya kashe karkarwa. Cikin shekara biyu zai fi maka kowane littafin da za ka saya.

Shaf ɗinmu zai bar hannunka ya tafi wani gari, wani bakanike ya ɗora masa boris, ya ji ya shiga da matsin da ya kamata. Mai injin niƙa ba zai san sunanka ba, matan da ke layi da kwanukan masara ma haka. Abin da za su sani shi ne inji na aiki bai tsaya ba. Wannan amanar ce ke hannunka duk lokacin da ka ɗauki maikuromita, don haka in awo ya fita da maikuron biyu kacal, ajiye shi gefe ka faɗa, ka sake wani.